Amsa: Talaka zai iya zama Earl a Ingila ta da?

Malam, ka tambaya ko sai ɗan gado ke zama Earl, wato babban basarake mai ƙasa a ƙarƙashin sarki, a Ingila ta da. Galibi haka ne, amma duba William Marshal.

Ba shi ne babban ɗa a gidan ubansa ba, ba shi da gadon ko taƙi ɗaya. Da doki da mashi ya nemi abinci: yana shiga gasar mahaya, ya kama abokin karawa, ya karɓe dokinsa da sulkensa, sai an biya fansa ya sake shi. A 1189 Sarki Richard ya aurar masa da Isabel de Clare, magajiyar filaye masu yawa a Wales da Ireland. Auren nan ne ya ɗaga shi, ba takobi kaɗai ba, kuma sai a 1199 Sarki John ya tabbatar masa da sarautar Earl na Pembroke.

Kada dai ka ce talaka ne. Ubansa ma mai muƙami ne a fada.

Da John ya rasu a 1216, Marshal ya riƙe ƙasa saboda sabon sarki, Henry na Uku ɗan John, yana ɗan shekara 9. Yana kusan shekara 70 ya jagoranci yaƙin Lincoln a 1217.