Ƙanena, inji a nan ba aiki ke kashe shi ba, kwana da ruwa ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a watan nan da ya rubuto yana so in nema masa aiki a jirgin ruwa. Ka ce shekara shida kana gyaran injin kwale-kwale, sannan ka ƙara da cewa, "Yaya, inji ai inji ne ko'ina." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta maka. Zancen biza da takardu ba zan taɓa shi yau ba, na sha faɗa muku. Ni ma da irin tunaninka na zo, kuma hunturun farko ya kusa mayar da ni hannu rabbana.

Duk abin da ka koya a kan inji tsoron zafi ne: kar ya ɗau zafi, kar gaskit ya ƙone. A nan arewacin Turai, injin da ke aiki lafiyarsa ƙalau. Wanda aka kashe aka tafi gida aka bar shi da ruwa a ciki, shi ne abin ji. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfe ba ya iya riƙe shi. Bulok ɗin inji, wato gangar jikinsa, da ƙarti biyu ba sa iya ɗagawa, ruwan da bai fi kofi ba sai ya tsaga shi a dare ɗaya. Ruwan daɗi yana daskarewa a digiri 0, na teku sai ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili, na Tekun Baltic kuwa, da yake gishirinsa kaɗan ne, kusan a sifilin yake kamawa. Kar wani ya ruɗe ka da cewa gishiri yana karewa. Daren da sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili, me digiri biyu zai tsinana?

Masu jiragen shaƙatawa sun huta. Sanyi na ƙaratowa su fitar da jirgi, su tsiyaye inji, su lulluɓe da tamfol sai baɗi. Mu da muke fita aiki kullum, abin da suke yi sau ɗaya a shekara shi muke yi kowace yamma, hannu na rawa, duhu ya rufe tun ƙarfe huɗu.

Da injin rataye na fara, wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, irin wanda ka sani. Wata yamma na duba man giyar injin na gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Ruwa ba ya tsami banza: zaren kamun kifi ne ya nannaɗe a bayan farfela ya ci robar da ke tare mai, ruwa ya samu hanya. Na ce sai ƙarshen mako in canza. Muka ɗaure jirgi, na ɗaga injin sama ƙafarsa ta fita daga ruwa, kamar yadda hannuna ya saba. Da asuba na haska tocila, sai ga tsaga siririya kamar gashi a jikin gidan giyar injin, mai yana ɗiga yana yin bakan gizo a kan ruwa. Mai jirgin bai tambaye ni komai ba. A gaban sauran ma'aikata ya ce dama ya san wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba bai kamata a ba shi sifana ba. Asarar tawa ce, ban musa ba, amma babu wanda ya taɓa nuna mini ko sau ɗaya, kuma maganar nan har yau tana ci mini rai. Yanzu makullan jirage huɗu ne a hannuna, kuma duk sabon yaron da ya zo, ranar farko nake kama hannunsa in nuna masa.

Ga abin da ba a nuna mini ba. An ƙera injin rataye ya tsiyaye kansa, amma sai yana tsaye daram. Idan jirgi zai kwana a ruwa, ka bar ƙafar injin a nutse, domin ruwan da bai daskare ba ya fi iskar sama ɗumi. Idan an ɗora shi a tirela, kana fitowa ka sauke injin ƙasa gaba ɗaya, ka jira har ɗigon ƙarshe kafin ka kama hanya. Kar ka tayar da shi a bushe wai don ka kori ruwa. 'Yar farfelar roba da ke cikin famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙu. Da safe kuma idonka ya tsaya a kan ɗan tsirkuwar ruwan da ke fita ta bayan inji. In bai fito ba ka kashe nan take, ka narkar da ruwan ɗumi. Ban da wuta, ban da tafasasshe.

Injin cikin jirgi shi ne mai yaudara, don hanyar ruwa biyu gare shi. Ɗaya a rufe take kamar ta lagireton mota, ana haɗa ruwa da maganin hana daskarewa rabi da rabi, yana kai ka har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Kar ka ce bari in zuba maganin zalla don ya fi ƙarfi. Zallansa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake daskarewa. Ta biyun ita ke jawo ruwan teku ta bawul ɗin ƙasan jirgi, ya bi ta matata da famfo, ya sanyaya waccan rufaffiyar, ya fita ta salansa. A nan mutane ke tafka asara, su ga tankin magani a cike su tafi su kwanta, alhali ɗanyen ruwa na kwance a wannan ɓangaren. Daren da aka ce za a tsananta, sai ka rufe bawul, ka buɗe murfin matata, ka tayar da inji kana ɗura magani har ka ga launinsa ya fito ta salansa. Wanda ake zubawa a nan daban ne, na wani sinadari da ake kira furofilin, sau da yawa launinsa ruwan hoda, domin teku zai koma. Na mota guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, kare ya lasa ya mutu. In kuma tsiyayewa za ka yi, kwance noti kaɗai bai isa ba. Ka zura waya a ramin, don tsatsa da yashi kan toshe shi, ka ga ɗigo biyu ka zaci ya ƙare. Ka rataya makullin inji a jikin bawul ɗin da ka rufe, kar gobe ka tayar ka manta.

Za a ce maka a sa hita a ɗakin inji a huta. Muna sawa, amma ban taɓa jingina da ita ba. Da wutar bakin gaɓa take aiki, kuma daren guguwa, lokacin da aka fi buƙatarta, shi ne daren da waya ke zarewa ko fis ya tashi. Hitar gida kuwa kar ta kusanci jirgin fetur, tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi. Inshora da yawa ma ba sa biyan ɓarnar ƙanƙara, sakaci suke ɗaukarta.

Sauran a taƙaice. Dizal ɗin lokacin zafi yana yin kakin da ke toshe filta, sai ka tabbatar na hunturu ka sha, ka riƙa barin tanki a cike, ka zubar da ruwan da ya taru a gindin filta. Batir cikakke ba ya daskarewa da sauƙi, amma wanda ya mutu yana iya kamawa tun a wajen digiri 7 ƙasa da sifili, har jikinsa ya fashe. Na litiyam kuma ba a yi masa caji ƙasa da sifili.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanena. Ka ɗauki inji ɗaya a inda kake aiki, ka bi hanyar ruwansa da yatsa tun daga mashiga har mafita, ka zana a takarda, ka yi alama a duk lungun da ruwa zai iya kwana bayan an kashe shi. Ka ɗauki hoton zanen ka turo mini. In na ga ka gano su duka, sai in yi wa mai jirgi maganarka kafin sanyi ya shigo.