Kifin ya soyu ƙarau, to me ya kawo ƙaiƙayi?

TAMBAYA: Salam. Kwanaki na ci soyayyen kifin teku, ko minti 30 ba a yi ba fuskata ta yi ja, ga ƙaiƙayi ga ciwon kai, alhali ni kifi bai taɓa yi min haka ba. Wai ba wuta na kashe komai ba ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa, sannu da jiki. Wallahi ba komai wuta ke kashewa ba. Abin da kika faɗa ya yi kama da gubar histamin, wadda ke taruwa a jikin kifi irin su tuna da sadin in aka kamo su aka bar su cikin zafi babu ƙanƙara, ƙwayoyin cuta su yi ta aikinsu, kuma da zarar ta taru shi kenan, suya ko dahuwa ko firiza ba mai cire ta, wani lokacin ma ko wari kifin ba ya yi.

Shi ya sa hukumomi suka fi matsa wa sanyi tun daga jirgin kamun kifi har kasuwa. Tarayyar Turai ma ta sa iyaka, a gwaji kada histamin da ke cikin samfurin irin wannan kifi ya haura miligiram 200 a kilo ɗaya. Akwai kuma ƙa'idojin Codex, hukumar tsara ƙa'idojin abinci da FAO da WHO (hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya) suka kafa a 1963, sai dai fa doka a takarda daban, mai bin ta daban.

Ki riƙa sayen wanda ke kwance cikin ƙanƙara. In kuma abin ya zo da sarƙewar numfashi, asibiti kai tsaye, kar ki tsaya jira.