Ukun da Ya Ƙi Ƙarewa

Tambaya: Malam, naira 1,000 na zo raba wa yarana uku goron salla, sai waya ta nuno min 333.3333 har allo ya cika. Lalacewa ta yi? Daga wata uwa a Fagge.

Amsa: Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau. Raba 10 gida uku: kowa 3, saura 1. Ki sa masa sifili, kin koma 10, haka za a yi ta yi har gobe. Duk cikakkiyar lambar da aka raba da 'yar'uwarta, ko dai amsar ta tsaya, kamar 1/4 da ke ba da 0.25, ko ta riƙa maimaita kanta. Ni 1/7 ne ke burge ni: 142857 ke ta zagayowa. Naira ɗayan da ta rage kuwa, ki bar wa auta.