Ga ƙanenmu da ya tambaya ko ya ɓoye naƙasarsa a takardar neman aiki

Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce shekara uku ke nan da gama hidimar ƙasa, duk inda aka ga sandunanka sai zance ya canza, ko ka daina rubuta cewa kana da naƙasa? Ni ma shan inna ce ta kama ni ina ɗan shekara huɗu, kuma na taɓa gwada wannan dabarar.

Kada ka yi. Ni na ɓoye, aka kira ni ganawa a wani ofishi a nan Kano, hawa na uku. Na bar kekena wurin mai gadi na ja jiki kan matakala, fayil ɗina a baki, farar shaddata ta Sallah ta yi dumu-dumu da ƙura. Ina shiga, ban gama sallama ba mutumin ya zura hannu aljihu ya miƙo min naira ɗari biyu, ya ce karɓi, Allah ya ba da lafiya. Na ce ranka ya daɗe, ni ne na bakwai a jerin masu ganawa. Ko buɗe fayil ɗin bai yi ba. Cewa ya yi, to wa zai riƙa ɗauko ka kullum? Na kusa da shi suka sunkuyar da kai, babu wanda ya tanka. Har yau ina ganin zoben azurfar da ke yatsansa. Saukowa ta fi hawa ciwo, don ina kuka nake sauka. Mai gadin nan ne ya kakkaɓe min riga, Allah ya saka masa da alheri.

A lokacin babu dokar da zan kama. Yanzu akwai. Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019, ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati dominmu, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024, matakalu na nan yadda suke. Duk da haka ka buga dokar a takarda, ka haɗa da takardunka. Idan an kore ka, ka rubuta rana da sunan ofis ka kai wa reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, na jiharku, kuma kada ka je kai kaɗai.

Abin da ke cinye mu kuma kuɗin mota ne. Ɗan adaidaita sai ya ce kuɗin mutum biyu saboda keke, ko ya wuce kamar bai gan ka ba. Har neman aurena na farko a kan rashin aikin nan ya watse, iyayenta suka ce da me zai riƙe ta.

Gyaran waya na koya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, da shi nake ciyar da 'ya'ya uku yanzu, digirina na cikin akwati. Ba na ce ka daina nema ba, ka ci gaba, amma ka kama sana'ar zaune a gefe. Idan a Kano kake, yi min magana ta saƙon sirri, akwai benci a shagona.