Siminti zai iya ƙarfafa ƙasar ruɓaɓɓen ciyayi har a yi gini a kai?

Tambaya: Na samu aikin shimfiɗa hanya da filin ajiye motoci a wata fadama a Legas. Ƙasar baƙa ce, idan aka matse ta ruwa ke fita, ga saiwoyi a ciki. Idan na gauraya ta da siminti za ta ɗauki nauyi?

Amsa: Za ta ɗauka, amma ba da awon da ka saba yi wa jar ƙasa ba. Irin wannan ƙasa galibinta ruɓaɓɓen tsiro ne, ruwan cikinta kan ninka nauyin busasshenta sau da dama, kuma tana da tsami. Tsamin nan shi ke kama sinadarin kalsiyam na siminti ya hana shi daskarewa. Idan ka yi ƙwauron siminti, bayan wata guda za ka tarar da taɓonka yadda ka bar shi.

A Finland da Sweden, inda aka goge da wannan aiki tun shekarun 1990, akan zuba kilo 150 zuwa 250 a kowace kubik mita, wato buhu 3 zuwa 5. Kada ka ɗauki adadin da ka. A ɗebi samfur daga zurfi daban-daban, a gauraya da awo uku, a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28. Ka sa a ranka cewa abin da fili zai bayar bai kai na ɗakin gwaji ba. Ƙara yashi na taimakawa sosai, domin simintin ya samu ƙwayoyin da zai riƙe. Farar ƙasa (lime), wadda akan ƙarfafa ƙasa da ita, ita kaɗai ba ta aiki a nan.

Akan ɗaura na'urar gauraya a hannun motar haƙa, iska ta tura busasshen siminti ciki, a bi filin yanki-yanki zuwa zurfin mita 5 ko kusa da haka.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne danne wurin nan take. Da an gama gaurayawa, a shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa (geotextile, wanda ke barin ruwa ya wuce amma ya tare ƙasa), a zuba cikon yashi mai kaurin rabin mita zuwa mita 1 tun simintin bai kama ba. Nauyin ne ke matse iska da ruwa. Idan aka jinkirta, ƙasar ta daskare da ramuka a ciki, daga baya hanya ta lotsa.

Wannan ya wadatar wa hanya da filin motoci. Idan bene ne, ko ruɓaɓɓiyar ƙasar ta zarce zurfin da na'urar ke kaiwa, sai an kafa ginshiƙan kankare har ƙasa mai tauri.