Ina “who” da “which” suke shiga a maganar masu Ingilishi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Maradi, ina shirin jarrabawar bakaloreya. A aji an koya mana cewa *who* ta mutum ce, *which* ta abu ce, *that* kuma tana shiga ko'ina. Amma idan na saurari tashoshin Ingilishi sai in ji ana cewa *the man I saw* ko *the book you want*, babu ko ɗaya daga cikinsu. Kwanan nan kuma na rubuta *the lorry who brought the goods* da *the trader that I spoke to him*, malaminmu ya ja wa dukansu jan layi. Ina kuskurena yake, kuma yaushe ne ya halatta a zubar da kalmar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kurakuranka guda biyu ba daga gida ɗaya suka fito ba: na farko Faransanci ne ya jawo maka shi, na biyu kuwa Hausarka ce, kuma da wuya a sami ɗalibin Maradi da bai faɗa ramukan nan biyu ba.

Abin da ake magana a kansa shi ne ganga, wato yankin jimla mai nasa aikatau, wadda ake rataya wa suna domin ta fayyace shi. Kana yin haka kullum ba tare da ka lura ba. Idan ka ce “motar da ta kawo kaya daga Jibiya ta lalace”, yankin nan “da ta kawo kaya daga Jibiya” shi ne yake gaya mana wace mota ake nufi. Hausa tana ƙulla wannan da “da”, ko da “wanda”, “wadda” da “waɗanda”, kuma abin da take dubawa shi ne jinsi da adadi. Faransanci yana duba aikin da sunan yake yi: *qui* idan shi ne mai aikatawa, *que* idan a kansa aikin ya faɗa, ko mutum ne ko mota. Ingilishi kuwa tambayarsa ta farko ita ce, mutum ne ko ba mutum ba? Ka ga ke nan harsuna uku, ma'auni uku. Da yake an saba fassara maka *qui* da *who* tun kana ajin farko na kwaleji, sai ka ɗauki *le camion qui* ka mayar da shi *the lorry who*, alhali babbar mota ba mutum ba ce. Daidai shi ne *the lorry that brought the goods* ko *the lorry which brought the goods*.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. Bahaushe yana cewa “ɗan kasuwar da na yi magana da shi”, kuma ba yadda za a yi ya bar “shi” ɗin nan, domin jimlar za ta gurgunce. Ingilishin da ake karɓa a rubuce ba ya maimaita wakilin suna a wannan wuri, yana barin gurbin a buɗe: *the trader that I spoke to*. Kalmar *that* ta riga ta tsaya a madadin ɗan kasuwar, saboda haka ƙara *him* kamar biyan kuɗin mota sau biyu ne a tafiya ɗaya. Wannan jan da Hausa take yi shi ne kuma yake haifar da *the woman who she sells milk*, domin a wurinmu dole ne a ce “matar da take sayar da nono”, da “ta” ɗinta a cikin “take”. A Ingilishi *the woman who sells milk* ya wadatar. Haka nan “yaron da ubansa yake noma a Tibiri” ba ya zama *the boy who his father*. Akwai kalma guda da aka tanada don mallaka, ita ce *whose*, sai a ce *the boy whose father farms in Tibiri*. Tana aiki ga abubuwa ma, kamar *a house whose roof leaks*, gidan da rufinsa yake yoyo.

A nan akwai sauƙi ɗaya da ya kamata ka gode wa Allah a kansa. Hausa tana sauya siffar lamiri, wato ƙaramar kalmar da take zuwa kafin aikatau, idan an shiga irin wannan ganga: “sun zo” ya koma “mutanen da suka zo”, ko “sunka zo” kamar yadda muke faɗi a nan Katsinar Maradi, “yana zuwa” kuma ya koma “wanda yake zuwa”. Ingilishi ba shi da wannan wahala. *They came* da *the people who came* aikatau ɗaya ne, bai motsa ba.

Yanzu ga abin da kunnenka ya jiyo, kuma kunnenka bai yaudare ka ba. A maganar yau da kullum masu Ingilishi suna zubar da *who*, *which* ko *that* matuƙar ba ita ce mai aikatawa a cikin gangar ba. Gwajin mai sauƙi ne: dubi abin da ya biyo bayan kalmar. Idan wani suna ne ko wakilin suna kamar *I*, *you*, *my brother*, kana iya cire ta, shi ya sa *the cloth that you bought in Kano* da *the cloth you bought in Kano* duk daidai ne, na biyun ma ya fi yawa a bakin mutane. Idan kuwa aikatau ne ya biyo ta kai tsaye, kamar *the driver who took us to Dan Issa*, to ita ce mai aikatawa, cire ta kuwa zai rushe jimlar. Faransanci ba ya yarda a zubar da *que* ko kaɗan, Hausa ma ba ta yarda a cire “da”, wannan ne ya sa abin ya zo maka baƙo. Ba kasala ba ce, ba kuma karyayyen Ingilishi ba ne; za ka same shi a jaridu da littattafai.

Ƙananan kalmomi irin su *to*, *with*, *in* da *for* su ma suna da matsayi biyu. A hira ana barin su a ƙarshe: *the man I travelled with*. A takardar ofis ana jawo su gaba: *the man with whom I travelled*. Idan ka jawo su gaba, *whom* ko *which* ne za su biyo (ko *whose* idan mallaka ce), ba a cewa *with that* ko *with who* a wannan gini. Ban da irin wannan wuri, *whom* ta yi ƙaranci ƙwarai a baki, kuma wanda ya cika amfani da ita a hira sai a ji kamar takarda yake karantawa. Ga wuri da lokaci akwai *where* da *when*, kamar *the market where we buy groundnuts*, kuma ba su da wata rikitarwa.

Saura batun waƙafi, wanda ɗalibai suke rainawa har ya cinye musu maki. Dubi jimloli biyun nan: *My brother who lives in Niamey is a nurse*, da kuma *My brother, who lives in Niamey, is a nurse*. Ta farko tana nuna cewa kana da ƴan'uwa maza fiye da ɗaya, kana ware na Yamai daga cikinsu. Ta biyu tana nuna cewa an riga an san wanda ake nufi, zamansa a Yamai ƙarin bayani ne kawai, wanda ko an cire shi maganar tana nan. A baki ana jin bambancin ta ɗan tsayawar murya. Irin wannan ganga ta ƙarin bayani tana da dokoki biyu masu tsauri: *that* ba ta shiga cikinta, kuma ba a zubar da kalmar. Saboda haka sai *Maradi, which is near the Nigerian border, is a trading city*, ba *Maradi, that is* ba. Da wannan *which* ɗin mai waƙafi ake kuma yin sharhi a kan magana sukutum, kamar *The rain came late, which worried the farmers*, inda abin da ya tayar wa manoma hankali shi ne jinkirin ruwan, ba ruwan kansa ba.

Za ka iya cin karo da wanda zai ce maka *which* ba ta halatta sam idan babu waƙafi. Wannan shawara ce da masanin Ingilishi H. W. Fowler ya yaɗa a 1926, editocin Amurka suka riƙe ta da ƙarfi, amma marubutan Ingila har gobe suna rubuta *the lorry which brought the goods* ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Shawarata gare ka a zauren jarrabawa ita ce ka yi amfani da *who* ga mutum da *that* ga abu idan babu waƙafi, *who* ko *which* idan akwai shi. Idan tambayar ta ce ka haɗa jimloli biyu da ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka rubuta kalmar a fili ko da cire ta ya halatta, domin ita mai gyaran takarda yake nema. Kafin ka miƙa takardar kuma, ka bi kowace ganga da yatsa ka duba ko wani *him*, *her*, *it* ko *she* ya biyo ka daga Hausa, ka soke shi.