Sabon dutse, aska na karce

Tambaya: Malam, na sayi sabon dutsen wasa aska a Babbar Kasuwar Maradi, na wasa, amma aska tana karce kan yaro. Ina matsalar? Wani matashin wanzami, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗana, sabon dutse ba kasafai yake zuwa a miƙe ba, wani da doro, wani da kwari. Zana layuka da fensir a fuskarsa. Jiƙa samfefa mai jure ruwa, ka shimfiɗa kan gilashi, ka riƙa gurza dutsen har layukan su goge duka. Inda zanen ya rage, nan kwarin yake, ci gaba. Ka ɗan kashe kaifin gefunansa, su ke ɓantare bakin aska. Kan yaro amana ne, in ka sake wasa askar, fara gwadawa a gashin hannunka.